Gonar Haya da Gonar Gado: Buɗaɗɗiyar Manhaja a Kasuwancin Ƙasar Kano



A cikin 1965 Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya buga sakamakon wani bincike da Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka gudanar a gundumar Ungogo, watau ƙasar da Bacirawa da Fanisau da maƙwabtansu suke ciki, arewa da ganuwar Kano. Abin da ya ɗaure wa masanan wancan zamani kai game da wannan yanki shi ne yadda jama'a suka yi cincirindo a kan ƙasa 'yar kaɗan, gona na manne da gona, ana nomanta kowace damina ba a barin saura, amma kuma ba ta mutu ba. Bisa ƙa'ida ƙasa mai jigawa irin wannan ya kamata a ce ta gaji tuntuni. Asirin kuwa yana kan bayan jaki. Da rani manomi kan ɗora wa jakunansa itace ya shiga birni ya sayar, a komowa ya ciko mangala da taki, watau toka da shara da kashin dabbobin gidajen birni, ya zube a gona tsibi-tsibi kafin faɗuwar ruwa. Abin da aka ɗiba daga gona da kaka, ana mayar mata da madadinsa da bazara.

Wanda ya bi hanyar Katsina yau zai tarar gidaje sun cinye da yawa daga cikin gonakin nan, jaki ma ya yi wuyar gani. Abin da zai gani a kowace kwana shi ne saurayi zaune ƙarƙashin laima da 'yar na'urar POS a hannu, yana ba mutane tsabar kuɗi yana cire ladansa. In ya ƙarasa kasuwar hatsi ta Dawanau zai ga manomi ya sauke buhunan wake, an yi ciniki, an tura masa kuɗinsa ta waya, ya duba ya ce sun shigo. A cikin wayar nan, da cikin da yawa daga na'urorin nan, akwai wani aiki na dubban mutane wanda saurayin bai biya kuɗinsa ba, manomin ma bai biya ba, bilhasali ma kamfanin da ya ƙera wayar bai saye shi daga hannun masu shi ba. Wannan aiki shi ne abin da za a yi magana a kansa, dalilin farawa da labarin taki kuwa zai fito can gaba.

Tilas a fara da kalmomi. A da, in an ce manhaja, tsarin darussan makaranta ake nufi, daga Larabci aka aro ta. Zuwan kwamfuta ya sa aka ɗora mata sabon kaya, ta zama sunan jerin umurnin da ake rubuta wa na'ura don ta san abin da za ta yi. Aron ya yi daidai, domin na'ura ɗaliba ce marar wayo ko kaɗan, abin da aka tsara mata kawai take bi. Mai rubuta manhaja yakan rubuta ta ne da wani salon rubutu wanda ɗan'uwansa masani zai iya karantawa ya gane, har ya ga inda aka yi kuskure. Wannan rubutu shi ne tushe. Sa'an nan sai a juya shi zuwa tarin lambobi waɗanda na'ura kaɗai ke ganewa. Kamfanin da ya ga dama sai ya sayar da juyin ya kulle tushen a akwati, kamar mai maganin gargajiya da zai ƙulla wa marar lafiya gari a tsumma, ba zai faɗa masa saiwar da aka daka ba. In maganin ya yi, madalla. In bai yi ba, ba wanda zai gyara haɗin sai mai shi. Manhajar da aka bar tushenta a fili, aka kuma yarje wa kowa ya karanta, ya gyara, ya kwafa, ya ba wani, ita ake kira mai buɗaɗɗen tushe, ko buɗaɗɗiyar manhaja a taƙaice.

A nan Hausa ta fi Turanci sa'a. Turawa kalma ɗaya suke da ita wadda ke nufin abin da ba a biya kuɗinsa ba, take kuma nufin wanda ba bawa ba, saboda haka sun shafe shekaru suna bayanin wace ma'anar suke nufi. Bahaushe ba ya rikita kyauta da 'yanci. Ɗa yana iya yin ƙodago a biya shi, bai zama bawa ba. Haka buɗaɗɗiyar manhaja take: 'yantacciya ce, amma ba a ce kada a ci kuɗi da ita ba. Yawancin kurakuran da 'yan kasuwa ke yi game da ita daga rikita waɗannan ma'anoni biyu suke tasowa.

Tarihin abin ba shi da tsawo. Wajen 1980 wani masani mai suna Richard Stallman, a Cibiyar Fasaha ta Masacusets a Amurka, ya nemi tushen manhajar wata na'urar buga takardu da ke yawan cije takarda, don ya gyara, aka hana shi. Haushin wannan na daga cikin abin da ya sa a 1983 ya yi shelar shirin GNU, a 1989 kuma ya fito da takardar izinin da ake kira GPL. A 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta ƙwayar tsarin da aka sa wa suna Linux, ya saka ta a intanet. A 1998 kamfanin Netscape ya buɗe tushen manhajarsa ta shiga intanet, a wannan shekara ce kuma wasu suka ƙago sunan buɗaɗɗen tushe, da gangan, don maganar 'yanci tana firgita masu jari. Manyan kamfanoni sun fara da ƙyama. A 2001 shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kamanta Linux da ciwon daji. A 2018 wannan kamfani dai ya sayi GitHub, watau babban rumbun da ake ajiye irin waɗannan tushe, a kan dala miliyan 7,500.

To, don a gane abin da ɗan kasuwa ke samu da abin da yake rasawa, babu misalin da ya kai na riƙon gona, wanda kowane mutumin Ungogo ya sani tun yana yaro. Ana riƙe gona ta hanyar gado, ko saye, ko aro, ko haya, ko jingina, kowace da hukuncinta. Mai gado ko mai saye shi ke da ta cewa: ya haƙa rijiya, ya dasa mangwaro, ya bar wa 'ya'yansa. Mai haya kuwa amfanin shekara kawai ya saya. Ba ya dasa itace a gonar wani, kuma ba safai yakan wahalar da kansa wajen kai taki mai yawa ba, domin bai san ko baɗi mai gona zai karɓe abinsa ko zai ƙara kuɗi ba. Ɗan kasuwar da ya ce ya sayi manhajar kamfani, in ya karanta dogon rubutun nan da kowa ke danna amincewa ba tare da ya duba ba, zai ga haya ya yi. An ba shi izinin amfani ne bisa sharuɗɗa. A 'yan shekarun nan ma kamfanoni da yawa sun daina ɓoye-ɓoye, sun koma karɓar kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, ranar da aka daina biya a rufe ƙofa. Abin da ya fi ciwo shi ne, littafin bashinsa da sunayen abokan cinikinsa da lissafin hajarsa duk suna cikin gonar da ba tasa ba.

Amma misalin gona yana da iyaka, ya kamata a faɗa. Gona in an raba ta tsakanin magada ƙanƙancewa take yi, shi ya sa a ƙasar Ungogo ake samun fegin da bai fi a tsallake shi da taku kaɗan ba. Manhaja ba haka take ba. Ta fi kama da wutar da matan gida kan aiki yaro ya ɗebo a maƙwabta a kan fasasshen kasko: an ɗebi garwashi, murhun masu gida bai ragu da kome ba. Wannan hali ne ya sa ake iya ba da ita ga duniya duka ba tare da mai ita ya rasa tasa ba.

Takardun izinin buɗaɗɗiyar manhaja iri biyu ne manya, kuma bambancinsu shi ne abin da lauyoyin kamfanoni suka fi sa wa ido. Na farko, irin su izinin MIT da BSD da Apache, kyauta ce sakakkiya: ɗauki, gyara, sa a cikin hajarka, ka kulle abin da ka ƙara in ka so, sai dai kada ka goge sunan masu asali. Na biyu, watau GPL da 'yan'uwanta, ya fi kusa da waƙafi. Wanda ya yi waƙafin rijiya ya bar ta ga jama'a bisa sharaɗi, ba kuma wanda zai zo daga baya ya kewaye ta da katanga ya ce tasa ce. Haka GPL ta ce: kowa ya ɗiba, kowa ya gyara, kowa ma ya sayar, amma duk wanda ya miƙa wa wani gyararren kwafi, tilas ya haɗa masa da tushen, bisa sharaɗin da shi ma ya samu. Wayon da ke ciki shi ne an yi amfani da dokar haƙƙin mallaka, wadda aka yi don kullewa, aka hana kullewa da ita.

Tambayar da kowane Bakano zai yi ita ce, in kowa na iya ɗauka, ina ribar? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Amsar tana wajen kamfanin Red Hat na Amurka. Wannan kamfani ya tara Linux da sauran manhajojin da kowa ke iya samu, ya daidaita su, ya gwada, sa'an nan ya ce wa bankuna da kamfanonin waya: ku biya kuɗin shekara, in abu ya lalace da tsakar dare akwai wanda zai amsa kira, in an gano ɓaraka akwai wanda zai toshe, kuma za a ci gaba da kula da wannan zubi har shekara goma. Abin da ya sayar ke nan, watau lamuni da ƙwarewa. A 2012 cinikinsa na shekara ya haura dala miliyan 1,000, a 2019 kuma IBM ya saye shi a kan dala miliyan 34,000. Mutumin Dawanau ba zai yi mamakin wannan ba. Dillali ba shi da hatsi ko tiya ɗaya, amma ana ba shi la'ada, saboda ya san mai kaya, ya san mai saye, in rigima ta taso kuma shi za a kama.

Ba dukan masu wannan sana'a ke riƙe amana ba. Akwai kamfanonin da suka yi suna da buɗaɗɗen tushe, da suka ga jama'a sun dogara da su sai suka sake sharaɗi. Amma a nan ne 'yancin ke nuna amfaninsa. Da Oracle ya sayi kamfanin Sun a 2010, ya gaji manhajar ofis ta OpenOffice, masu aikinta da yawa ba su natsu da sabon maigida ba, sai suka ɗauki kwafin tushen suka ware, suka kafa LibreOffice, wadda har yau tana raye. Kamar rabuwar gandu ce, sai dai a wannan gandun ɗan da ya fita da gonar duka yake fita, uban kuma tasa tana nan. Mai hayar manhajar kamfani ba shi da wannan mafita.

Ta ƙofar waya abin ya shigo ƙasar Kano. An fara wayar salula ta GSM a Nijeriya a 2001. Google ya sayi ƙaramin kamfanin Android a 2005, wayar farko mai ɗauke da shi ta fito a 2008. An gina Android a kan ƙwayar Linux, aka saki sauran jikinsa bisa izinin Apache, ma'ana kowane maƙeri na iya ɗauka ya zuba a wayarsa. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, bai ɓata dukiya wajen ƙago tsarin kansa daga farko ba. Ya ɗauki wanda ke akwai, ya mai da hankali ga abin da mai saye a Afirka ke so: gurbin layi biyu, batir mai daɗewa inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kyamarar da ke fito da baƙar fata sosai, da farashin da talaka zai iya. Da haka ya zarce kowa sayar da waya a nahiyar. Masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre da ke zuba wa matacciyar waya sabuwar manhaja ta farfaɗo, a gefen wannan gona suke kiwo. Na'urorin POS na zamani masu fuskar shafawa, da yawansu Android ne a ciki, an dai rufe shi da rigar kamfanin kuɗi. Lokacin da canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, har mai shayi da mai kayan miya suka koma karɓar kuɗi ta waya, kasuwa ta ci gaba da numfashi ne a kan wannan harsashi.

Sai dai kada a yi saurin murna. Android ɗin da ke hannun mutane rabinsa ne a buɗe. Shagon da ake sauko da manhajoji, da taswira, da wasiƙa, duk mallakar Google ne a kulle, sai da yarjejeniya ake sa su a waya. An ga ma'anar wannan a 2019, sa'ad da gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi. Kamfanin bai rasa buɗaɗɗen ɓangaren ba, domin ba mai ikon karɓe shi, amma sababbin wayoyinsa sun rasa kayan Google, cinikinsa a wajen ƙasar Sin ya faɗi warwas. Huawei yana da dubban injiniyoyi, ya koma ya gina nasa. Saurayin da ke ƙarƙashin laima a Bacirawa ba shi da wannan. Shi ɗan haya ne a wajen kamfanin kuɗi, kamfanin ɗan haya ne a wajen maƙerin na'ura, maƙerin ne kaɗai ya taɓa tushen da hannunsa. 'Yancin yana can sama, abin da ya gangaro ƙasa araha ce kawai. Araha ba abin rainawa ba ce, ita ta sa wayar a aljihun manomi, amma ba ita ce dukan abin da aka yi alkawari ba.

Inda aka taɓa tushen da hannu a Kano, ta wajen aikin lafiya aka fi yi. Akwai wata manhaja mai suna ODK, wadda aka fara a 2008 a Jami'ar Washington ta birnin Siyatil, don cike takardun tambayoyi a waya ko da babu intanet, in an samu layi a tura. Ma'aikatan rigakafin shan-inna a Arewa sun yi aiki da ita sosai, ƙungiyoyi kuma irin su eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009 take da babban ofis a Kano, sun horar da matasa aikin tattara bayanai da taswira ta wayoyin Android, har aka riƙa gane rugar da masu allura suka tsallake. An ga shan-inna na daji na ƙarshe a Jihar Kano a 2014, aka tabbatar da kuɓutar Afirka daga gare shi a Agustan 2020. Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, a kan wannan ODK da kowa ke ɗauka kyauta kamfanoni sun tsiro suna cin abinci: Ona a Nairobi, da masu SurveyCTO a Amurka, har su masu ODK ɗin kansu suna karɓar kuɗi daga wanda ke son a riƙe masa bayanansa a kula da su.

Labarin SORMAS ya fi wannan ban sha'awa. Bayan cutar Ebola ta shigo Legas a 2014, masana daga Cibiyar Helmholtz ta Jamus da ma'aikatan lafiyar Nijeriya suka tsara manhajar bin sawun annoba, aka gwada ta a jihohin Kano da Oyo a 2015. Zubin farko a kan kayan kamfanin SAP aka gina shi. A 2016 aka sāke gina ta a matsayin buɗaɗɗiyar manhaja, don ƙasar da ta karɓa ta iya riƙe abinta ba tare da ta rataya a wuyan kamfani ɗaya ba. Da annobar korona ta zo a 2020, ofisoshin lafiya na Jamus kanta suka ɗauki wannan manhaja da aka gwada a ƙananan hukumomin Kano. Ba kullum ne kaya ke tafiya ta fuska ɗaya ba.

To, me ya hana ƙananan 'yan kasuwa bin wannan hanya? Gaskiyar magana, wadda kowa ya sani ba a dai faɗa a taro, ita ce abokin gasar buɗaɗɗiyar manhaja a shagunan buga takardu da ofisoshin 'yan kasuwa na Kano kwafin sata ne. Kwamfuta ta hannu takan zo da Windows da kayan ofis da na zane an riga an zuba, ba wanda ya tambayi takardar izini. Wanda bai taɓa biya ba, ba za a burge shi da maganar kyauta ba. Ga kuma sabo: yaron shago abin da ya koya ke nan, maɗaba'ar da zai kai wa aiki irin fayil ɗin da ta sani ke nan. Sabo ba ƙaramin abu ba ne, ko a Turai. Birnin Munik na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya juya kwamfutoci wajen 15,000, amma a 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows.

Duk da haka lissafin yana sauyawa. Da aka saki Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin hukuma, ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin hayar manhajar waje kuwa da dala ake ƙiyasta shi. Manhajar da ke zaune a na'urar kamfani can wata ƙasa, ana shigarta ta intanet, ba ta kwafuwa a faifai balle a sace. Daɗin daɗawa, Microsoft ya daina kula da Windows 10 na gama-gari ran 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika sharaɗin ɗaukar Windows 11 ba, alhali irinsu ne suka cika shagunan ƙasar nan. Na'urar da ba a toshe mata ɓaraka, ana kuma shiga asusun banki da ita, gida ne marar ƙyaure. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Linux kuwa yana tafiya lafiya lau a kan irin waɗannan tsofaffin na'urori.

Yanzu sai a koma ga taki. Buɗaɗɗiyar manhaja tana da nata ciwon, kuma shi ne ciwon duk abin da jama'a suka yi tarayya a kansa: kowa na ɗiba, kaɗan ne ke mayarwa. A Afrilun 2014 aka gano wata ɓaraka, wadda aka yi wa laƙabi da Heartbleed, a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin saƙo tsakanin mai waya da banki ko kanti a babban ɓangare na intanet. Da aka bincika sai aka tarar wannan abu da kamfanoni masu biliyoyin dala suka dogara da shi, gudummawar da yake samu a shekara ba ta fi dala 2,000 ba, masu kula da shi kuma 'yan tsiraru ne, yawancinsu a lokacin hutunsu suke yi. Kunya ta sa manyan kamfanoni suka haɗa asusu daga baya. A Maris na 2024 aka ga wanda ya fi wannan muni. Wata 'yar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda ke cikin kusan kowane Linux, mutum ɗaya ne ke ɗawainiya da ita shekara da shekaru har ya gaji. Wani da ba a san ko wane ne ba ya lallaɓo da sunan taimako, ya yi wajen shekara biyu yana aiki tsakani da Allah a ido, har aka amince masa, sa'an nan ya dasa ƙofar sata. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya lura na'urarsa tana jinkirin rabin daƙiƙa, ya bi diddigi ya tono abin kafin ya bazu. Masu suka sun ce ga illar barin ƙofa a buɗe. Magoya baya sun ce da a kulle take da ba wanda zai gani. Kowannensu yana da gaskiya, amma dukansu sun yarda cewa gajiyar mutum ɗaya ce ta ba ɓarawo hanya. Rijiyar gari ce aka yi ta ja ba a yashe ba.

Manomin Ungogo bai kai taki gona don tausayin gona ba, ya kai ne don yana son dawa baɗi. Kamfanonin da suka fahimci wannan, irin su Intel da Google da Red Hat da Huawei, suna biyan ma'aikatansu albashi su zauna suna gyara Linux, shi ya sa yawancin aikin da ke shiga ƙwayarsa a yau na ma'aikatan kamfanoni ne. Wanda ke cikin masu gyara, da shi ake shawarar inda za a dosa.

Mai kanti a Bacirawa ba zai gyara ƙwayar Linux ba, ba kuma wanda ya ce ya yi. Amma akwai takin da ƙasar Hausa kaɗai ke da shi. Na farko harshe. Wanda ya yi aikin ɗab'i a shekarun baya ya san wahalar haruffa masu ƙugiya, yadda akan buga da keken rubutu sa'an nan a bi da alƙalami ana lanƙwasa kan ɓa da ɗa da ƙa. Haruffan ɗab'i irin su Charis da Doulos, da cibiyar SIL ta saki bisa buɗaɗɗen izinin da ta fito da shi a 2005, suna ɗauke da su cif, kowace maɗaba'a na iya ɗauka. Shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin masu Hausa, a bar wa kowa, don na'ura ta koyi jin harshen. Ga manomin da bai yi boko ba, ranar da zai yi wa waya magana ta rubuta masa lissafi ta dogara ne ga yawan muryoyin da aka zuba a irin wannan rumbu, da kuma ko an sa karin harshen ƙauye da na mata a ciki.

Na biyu shi ne sanin yadda ake ciniki a nan. Akwai manhajojin lissafin kasuwanci masu buɗaɗɗen tushe, kamar Odoo ta ƙasar Beljiyam, wadda aka fara a 2005, da ERPNext ta Indiya, masu riƙe lissafin haja da bashi da albashi. An tsara su ne da tunanin kanti mai farashi a rubuce da awo na kilo. Ciniki a Dawanau da buhu da tiya ake yinsa, cikar buhu kuma ta danganta da irin hatsin da kasuwar da aka auno shi. Akwai la'adar dillali, da kuɗin 'yan dako, da kuɗin ajiya a sito, da kayan da aka ba da bashi bisa amana sai ranar kasuwa mai zuwa, da kuɗin da fatake kan bari a hannun maigida su tafi, ga lissafin zakka a ƙarshen shekara. Babu kamfanin Turai ko na Sin da zai zauna ya koyi waɗannan don kasuwa ɗaya. Da yake tushen a buɗe yake, ɗalibin da ya karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero ko ta Wudil, wanda ubansa ko kawunsa ke da rumfa a kasuwar, yana iya zama da malamin sito mako biyu ko uku, ya ga yadda ake shigar da kaya a littafi, ya koya wa manhajar tiya da la'ada, ya juya fuskarta zuwa Hausa. Manhajar ba za ta ci masa ko kwabo ba. Abin da zai sayar wa Alhaji shi ne abin da Red Hat ya sayar wa bankuna, watau cewa ranar da lissafi ya rikice ana tsakiyar loda mota, akwai wanda za a kira ya zo, kuma za a biya shi da Naira.